Alli, Kyamara da Maɓallin Dakatarwa: Tarihin Laccocin Bidiyo na Lissafi da Kimiyyar Kwamfuta (1958–2023)

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa ɗaukar laccocin lissafi da na kimiyyar kwamfuta a hoto mai motsi, tun daga darussan sassafe na talabijin a Amurka a shekarar 1958 har zuwa tashoshin YouTube na yau. An waiwayi Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, da gwajin kaset na Jami'ar Stanford, da laccocin da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, ta saki kyauta, da Khan Academy, da kuma guguwar manyan kwasa-kwasan intanet ta 2012. Maƙalar ta nuna cewa sauyin da ya fi tasiri a wannan tarihi ya zo ne a lokacin da ɗalibi ya sami ikon tsayar da malami ya koma baya. Ta kuma nuna cewa wannan iko bai warware batun wanda zai duba aikin ɗalibin ba, kuma a kan wannan gaɓa ce hanyar fannonin biyu ta rabu.

Fitilun kalmomi: laccar bidiyo, lissafi, kimiyyar kwamfuta, karatu daga nesa, talabijin.

1.0 Gabatarwa

Lissafi fanni ne da ba ya lamuntar tsallake. Mai sauraron laccar tarihi zai iya rasa jimla biyu ko uku, ya sake kama zaren bayanin a gaba ba tare da wata babbar asara ba. Mai bin hujjar lissafi kuwa, da zarar layi na huɗu ya kuɓuce masa, na biyar da na shida sun zama zane kawai a kan allo. Haka abin yake ga manhajar kwamfuta, domin kowane umarni a cikinta yana ginuwa ne a kan abin da umarnin baya ya bari.

A cikin aji, malami mai lura yakan gane daga fuskokin ɗalibai cewa ya bar su a baya, sai ya sassauta. A karatun zaure ma abin ya zarce haka, domin almajiri ne ke jan baƙi, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa, saboda haka linzamin saurin karatun yana hannun mai koyo. Kyamara ba ta ganin fuskar kowa. Duk wanda ya tsaya a gabanta zai koyar da aljabara ko rubuta manhaja, dole ya zaɓi sauri guda ga dubban mutanen da bai sani ba, kuma ko wane sauri ya zaɓa, ya yi wa wasu yawa, ya yi wa wasu kaɗan. Shekaru sittin da biyar da wannan maƙala ta duba, ƙoƙari ne daban-daban na fita daga wannan tsaka-mai-wuya.

2.0 Zamanin Watsa Shiri: Malamin da Ba Ya Jira

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurkawa ya tashi, aka kuma ɗora kaso mai tsoka na laifin a kan makarantunsu, musamman yadda ake koyar da kimiyya da lissafi. A watan Oktoba na 1958 gidan talabijin na NBC ya fara shirin Continental Classroom da tallafin Gidauniyar Ford da wasu manyan kamfanoni. Darasi ne na rabin awa, ana sa shi da ƙarfe shida da rabi na safe a ranakun aiki, domin malaman sakandare su kalla kafin su fita makaranta. Harvey White na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya buɗe fage da fiziks, aka bi da kemistiri a shekara ta biyu. Lissafi ya sami nasa rabo a zangon 1960 zuwa 1961, inda John Kelley, shi ma daga Berkeley, ya koyar da aljabarar zamani, sannan Frederick Mosteller na Harvard ya ɗauki ƙididdiga da ilimin yiwuwar aukuwar abu. Kwalejoji da dama sun amince su ba da makin kwas ga wanda ya bi shirin ya kuma zauna jarrabawa a wurinsu.

Tsarin yana da naƙasu wanda ba laifin malaman ba ne. Mai kallo ba shi da na'urar naɗar shiri a gida. Idan jariri ya tsala kuka daidai lokacin da Mosteller ke ƙetarawa daga wani mataki zuwa wani, wannan matakin ya tafi ke nan. An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da buga littafin da ke tafiya tare da shirin, da kuma haɗa kowane malami da abokin aiki mai karɓar wasu ranakun mako, Julius Hlavaty ga Kelley, Paul Clifford ga Mosteller. NBC ta daina shirin a 1963.

A wannan shekarar ce Harold Wilson, jagoran jam'iyyar Leba ta Birtaniya, ya fito da shawarar kafa jami'ar da za ta riƙa koyarwa ta iska. Da ya zama firayim minista sai ya damƙa aikin a hannun Jennie Lee. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta sami takardar kafuwa a 1969, ta fara karatu a Janairun 1971 da ɗalibai kimanin 25,000, ba tare da neman wata takardar shaida daga mai son shiga ba. Lissafi yana cikin kwasa-kwasan share fage huɗu da aka fara da su, BBC kuma ita ke ɗaukar shirye-shiryen a Alexandra Palace da ke arewacin Landan. Abin lura shi ne, kafin a buɗe jami'ar an riga an cire maganar iska daga sunanta, kuma hakan ya dace da abin da aka gina. Ginshiƙin karatun shi ne littattafan da ake aika wa ɗalibi ta gidan waya, da ayyukan da malamin yanki ke dubawa ya mayar da sharhi a rubuce, da makarantar bazara ta mako guda. Talabijin sai aka bar masa abin da takarda ba za ta iya ba, kamar nuna yadda lanƙwasar zane ke sauyawa idan an sauya wata lamba.

Ɗaukar shiri a lokacin yana cin kuɗi, don haka akan maimaita shiri guda shekara da shekaru, har tufafin yayin 1970 da dogon gashin malaman suka zama abin barkwanci a ƙasar. Da na'urar bidiyo ta shiga gidaje a shekarun 1980, ɗalibai suka koma naɗar shirin su kalla a lokacin da suka ga dama, BBC kuma ta riƙa tura shirye-shiryen zuwa tsakar dare. Watsawar ta zama hanyar kai kaset gida kawai. An yi ta ƙarshe a Disamba 2006.

Wannan fata da aka ɗora a kan akwatin talabijin ya iso har Afirka ta Yamma. A 1964 aka fara gwajin talabijin na makarantun firamare a Jamhuriyar Nijar da taimakon Faransa, ana watsa darussa da Faransanci daga Yamai, a kowane aji kuma akwai mai kula wanda bai yi cikakken horon malanta ba. Matakin karatun ya yi nisa da laccar jami'a, amma tsarin, wato gwani a cikin akwati da mataimaki a cikin ɗaki, shi ne wanda za a sake gwadawa da injiniyoyi a Kalifoniya bayan 'yan shekaru.

3.0 Kaset da Gwajin Gibbons

A 1969 Jami'ar Stanford ta fara watsa laccocin injiniyanci kai tsaye daga azuzuwanta zuwa kamfanonin kayan lantarki da ke kewaye da ita, yankin da daga baya ya yi suna da Silicon Valley. Injiniyoyi suna kallo daga wurin aiki, suna kuma iya jefa tambaya ta layin murya. Matsala ta taso ne da kamfanin Hewlett-Packard ya buɗe reshe a Santa Rosa, inda watsawar ba ta kaiwa. James Gibbons, farfesan injiniyancin lantarki, shi ya kawo mafita a farkon shekarun 1970. Aka riƙa aika kaset ɗin laccar kamar yadda aka ɗauke ta, ba gyara. Injiniyoyin sukan taru ƙaramin rukuni, tare da jagora daga cikin ma'aikatan kamfanin. Ba a ɗora wa jagoran koyarwa ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da kaset duk lokacin da wani ya yi tambaya, ko ya ga an daɗe babu wanda ya ce uffan, sai rukunin ya tattauna har a fahimta, sannan a ci gaba.

Gibbons da abokan aikinsa sun buga sakamakon a mujallar Science a 1977. Makin waɗanda suka yi karatu ta wannan hanya bai gaza na ɗaliban da ke zaune a gaban farfesan ba, hasali ma ya zarce, ya kuma fi na masu kallo kai tsaye da na masu kallon kaset babu jagora. Dole a yi taka-tsantsan da wannan sakamako, domin adadin ɗaliban bai da yawa, kuma ma'aikata ne manya da suka san abin da suke nema. Duk da haka, gwajin ya ware abubuwa uku da aka saba ɗauka abu guda: bayanin gwani, da ikon dakatar da shi, da mutanen da za a yi magana da su bayan an dakatar. Kusan duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi ya sami na farko da na biyu, ya yi ta faman neman na uku.

Kamfanin Hewlett-Packard ɗin ne dai ya bar wa kimiyyar kwamfuta ɗaya daga cikin tsofaffin taskokinta na bidiyo. A watan Yuli na 1986, Harold Abelson da Gerald Jay Sussman na MIT suka gabatar wa ma'aikatan kamfanin laccoci ashirin a kan kwas ɗinsu na share fagen rubuta manhaja, wanda ake koyarwa da Scheme, wani reshe na harshen Lisp. A laccar farko Abelson ya rubuta sunan fannin a allo, ya soke kalmar kimiyya, ya kuma soke kalmar kwamfuta. Hujjarsa ita ce, jometiri ya samo sunansa daga awon ƙasa, kuma Misirawan da ke sake shata iyakokin gonaki bayan ambaliyar Nilu za su iya ɗauka cewa fanninsu na kayan awo ne, alhali abin da suka fara shi ne tsara tunani game da sarari. Haka ita ma kwamfuta kayan aiki ce, ainihin fannin kuwa shi ne bayyana yadda ake yin abu daki-daki. Ya kawo misali da neman lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wata lambar da aka sani. Ma'anar lissafi tana faɗin mece ce wannan lamba, ba ta faɗin yadda za a same ta. Hanyar samunta ita ce a yi hasashe, a raba lambar da hasashen, a ɗauki tsaka-tsakin biyun, a maimaita. Idan lambar 2 ce aka fara da hasashen 1, za a sami 1.5, sai 1.4167, sai 1.4142.

Laccocin suna da nasu armashi. A ranar da Sussman zai rubuta manhajar da ke fassara harshen Lisp da harshen Lisp ɗin kansa, sai da ya ɗora jar dara a kai, kamar mai shirin buɗe wani asiri. Amma abin da ya fi amfanar mai kallo na yau shi ne tambayoyin da ma'aikatan ke yi a ƙarshen kowane kashi, waɗanda aka bari a cikin faifan. Sau da yawa tambayar da ke cin mai kallo ita ce wani injiniya ya yi a madadinsa tun kafin a haife shi.

4.0 Laccar Kyauta: MIT da Gilbert Strang

A ƙarshen shekarun 1990 manyan jami'o'in Amurka sun ɗauka akwai dukiya a sayar da karatu ta intanet. Jami'ar Columbia ta kafa Fathom a 2000 da wannan niyya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, aka rufe a 2003. Kwamitin da MIT ta naɗa don duba irin wannan kasuwa ya dawo da shawarar da ba a zata ba, cewa a saki kayan koyarwar kyauta, Abelson kuma yana cikin waɗanda suka tsaya wa shawarar. Shugaban cibiyar, Charles Vest, ya sanar da shirin OpenCourseWare a Afrilun 2001, da tallafin gidauniyoyin Hewlett da Mellon. An buɗe shafin gwaji a Satumbar 2002, shekara guda bayan haka kwasa-kwasan suka kai 500. Yawancinsu takardun darasi ne da tambayoyin jarrabawa. Masu bidiyo 'yan kaɗan ne, amma su suka ja hankalin duniya.

Daga cikinsu babu kamar laccocin Gilbert Strang na aljabarar jadawalin lambobi, wadda ake kira liniya aljabara, da aka ɗauka a ajinsa a 1999. Babu wata ƙawa a cikinsu, daga malami sai allo sai alli. Ya dace a dubi yadda ya buɗe laccar farko, domin a nan salon nasa ya bayyana. Ya rubuta daidaito biyu, 2x − y = 0 da −x + 2y = 3. Hanyar da kowa ya koya a sakandare ita ce a zana kowane daidaito a matsayin miƙaƙƙen layi, a nemi inda layukan suka haɗu, wato x = 1, y = 2. Strang ya yi wannan da sauri, sannan ya juya matsalar. Ya ce a dubi lambobin a tsaye maimakon a kwance, sai a ga kibiya biyu, (2, −1) da (−1, 2). Tambayar sai ta koma: nawa na kibiya ta farko da nawa na ta biyu za a haɗa a isa (0, 3)? Ɗaya na ta farko da biyu na ta biyu. Amsar ba ta sauya ba, amma sabon kallon ya haifi tambayar da duk kwas ɗin zai zauna a kanta, wato ko kowane wuri ne za a iya isa ta hanyar haɗa waɗannan kibau, in kuwa ba haka ba, yaushe ne abin ke ƙin yiwuwa.

Dalilin daɗewar waɗannan laccoci bai rasa nasaba da allin ba. Hannu ba ya rubutu da saurin da ya wuce wani mizani, don haka alli yana tilasta wa malami tafiya da saurin da ƙwaƙwalwar mai kallo za ta iya bi. Shafukan da aka riga aka tsara a kwamfuta kuwa suna zubo layi goma a lokaci guda. Daɗin daɗawa, Strang yakan tambayi kansa a fili, ya yi jim, wani lokaci ya rubuta ya goge. Mai kallo yana ganin yadda tunanin ke tafiya, abin da littafi ke ɓoyewa bayan an gama share shi tsaf.

Kyautar ba ta isa ko'ina daidai ba. Inda intanet ke da tsada ko rauni, saukar da laccar minti hamsin babban aiki ne, shi ya sa MIT ta riƙa aika kwafin shafin gaba ɗaya a cikin ma'ajiyar bayanai zuwa wasu jami'o'i, da yawansu a Afirka kudu da Sahara. Indiya kuma ta bi tata hanya. A 2003 cibiyoyin fasaha bakwai na IIT tare da Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore suka fara shirin NPTEL da kuɗin gwamnati, don cike giɓin ƙwararrun malamai a kwalejojin injiniyancin ƙasar.

5.0 Hannu da Murya: Salman Khan

A 2004 Salman Khan, ma'aikacin wani kamfanin zuba jari a Boston, ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa mai suna Nadia lissafi daga nesa, ita tana New Orleans. Matsalarta sauya ma'aunin awo ce daga wani zuwa wani. Suna magana ta waya, yana zana mata a allon Doodle na Yahoo. Da sauran dangi suka shigo, lokaci ya ƙi isa, sai ya fara saka darussan a YouTube a ƙarshen 2006. A lokacin YouTube ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti goma daga talakan mai amfani. Wannan ƙa'ida, wadda aka kafa saboda masu satar shirye-shiryen talabijin, ita ta yanka laccar awa guda zuwa gutsattsari, kowane guntu da batu ɗaya. Fuskar Khan ba ta fitowa. Baƙin allo ne da rubutu mai launi da murya, kamar wani na zaune kusa da mai kallo yana rubutu a takarda. Khan ya sha ba da labarin cewa 'yan'uwan nasa sun gaya masa sun fi son sa a bidiyo a kan ido da ido, saboda za su iya tsayar da shi su maimaita ba tare da jin kunya ba. Kaso na biyu ke nan na abin da Gibbons ya gano, ya dawo ta wata ƙofa. An yi wa Khan Academy rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba a 2008, ya bar aikinsa a 2009, a 2010 kuma Google ya ba da dala miliyan biyu, Gidauniyar Gates ita ma ta tallafa.

Suka ba ta daɗe ba ta biyo. A 2012 wasu malaman lissafi biyu na Jami'ar Grand Valley State, John Golden da David Coffey, suka ɗauki kansu suna kallon darasin Khan na ninka lambobin da ke ƙasa da sifili, suna nuna inda ya ba da ƙa'ida ba tare da dalili ba da inda kalmominsa suka rikice. An sauya bidiyon ba da jimawa ba. Sukar da ta fi zurfi ta fito ne daga Derek Muller, wanda binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ya shafi bidiyon fiziks. Ya gano cewa bayani mai santsi yana ƙara wa ɗalibi yarda da kansa ba tare da ƙara masa maki ba, domin yakan ji kamar abin da ya riga ya sani ake faɗa. Bidiyon da ya fara da kawo kuskuren da aka saba yi, ya warware shi, ɗalibai sun ce ya fi ruɗarwa, amma sun fi koyo daga gare shi. Ke nan maɓallin dakatarwa ba ya amfanar wanda bai san ya ɓace ba.

6.0 Guguwar 2012 da Batun Mai Duba Aiki

A kakar 2011 malaman Stanford suka buɗe kwasa-kwasan kwamfuta uku ga duk mai so. Sebastian Thrun da Peter Norvig suka koyar da ƙirƙirarriyar basira, Andrew Ng ya ɗauki koyon na'ura, Jennifer Widom kuma rumbun bayanai. Kimanin mutum 160,000 suka yi rajistar na farkon, wajen 23,000 suka kammala. Thrun da Norvig sun ari salon Khan, kyamara tana kallon hannu da alƙalami a kan takarda, suka ƙara wani abu: bidiyon yakan tsaya da kansa bayan 'yan mintoci ya jefo tambaya, sai an amsa a ci gaba. Aikin jagoran Santa Rosa ne aka yi ƙoƙarin damƙa wa na'ura. A 2012 aka ƙaddamar da Udacity da Coursera, MIT da Harvard kuma suka zuba dala miliyan 60 a edX. Kwas ɗin farko na MIT a wannan tsari, na da'irar lantarki wanda Anant Agarwal ya jagoranta, ya sami rajistar kusan 155,000, waɗanda suka ci kuwa sun ɗan haura 7,000.

Yawan masu kallo ya ba da damar auna abin da a da sai dai a yi hasashe. Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin sun nazarci zaman kallo miliyan 6.9 a kwasa-kwasan edX huɗu, suka buga sakamakon a 2014. Komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da ake ɗauka ana kallonsa bai cika wuce minti shida ba, kuma rubutun hannu irin na Khan ya fi riƙe mai kallo a kan shafukan da aka tsara. Sai dai abin da aka auna kallo ne, ba koyo ba, kuma masu shirya bidiyo da yawa sun riƙe adadin minti shidan sun manta da wannan bambanci.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin raunanan ɗalibai. A 2013 Udacity ta haɗa gwiwa da Jami'ar San Jose State don koyar da lissafin cike giɓi da aljabara da ƙididdiga a kan dala 150 kowane kwas. A kwasa-kwasan lissafin biyu mafi yawan ɗaliban ba su ci ba, aka dakatar da gwajin a watan Yuli. Nazarin da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka buga a Science a 2019 ya nuna cewa adadin masu kammalawa bai ƙaru ba cikin shekaru, kuma galibin masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. An sayar da edX ga kamfanin 2U a 2021 a kan dala miliyan 800.

A nan ne fannonin biyu suka raba hanya. Manhajar da ɗalibi ya rubuta abu ce da na'ura za ta iya gudanarwa, ta gwada ta da misalai iri-iri, ta faɗa masa nan take inda ta gaza. Kwas ɗin CS50 na Harvard, wanda David Malan ke koyarwa tun 2007, yana da irin wannan mai dubawa da ake kira check50, kuma ɗalibin da ke Kumasi ko Jidda yana samun amsa iri ɗaya da na cikin harabar jami'ar. Kwamfuta da kanta ta zama abokiyar muhawara. Lissafi bai yi wannan sa'ar ba sai a matakin da amsa lamba ce guda. Hujjar lissafi rubutu ne na shawo kan mai karatu, kuma hujja biyu ingantattu za su iya bin hanyoyin da ba su yi kama da juna ba. Akwai manhajojin tantance hujja irin su Lean, amma sai an rubuta hujjar da harshensu na musamman, wanda koyonsa wani karatu ne daban. Malamin yankin da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ɗauka a 1971 don ya karanta aikin ɗalibi ya rubuta sharhi a gefen takarda, bidiyo bai maye gurbinsa ba.

7.0 Zane Mai Motsi

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya bar allo gaba ɗaya. A 1988 Tom Apostol na Caltech, tare da James Blinn, gwanin zanen kwamfuta, suka fara jerin Project Mathematics! da bidiyo a kan ƙa'idar Pythagoras, inda siffofi ke zamewa suna sake haɗuwa a gaban mai kallo har hujjar ta bayyana. Irin wannan aiki a lokacin sai da tallafin gidauniya da na'urori masu tsada. A 2015 Grant Sanderson, wanda ya karanta lissafi a Stanford ya kuma yi aiki na ɗan lokaci da Khan Academy, ya buɗe tashar 3Blue1Brown, yana zana komai da manhajar Manim da ya rubuta da kansa da harshen Python, ya kuma sake ta ga kowa. Jerin da ya fitar a 2016 a kan liniya aljabara ya ɗauki kibau irin na laccar farko ta Strang, ya sa su motsi, mai kallo yana ganin sarari gaba ɗaya yana miƙewa yana juyawa idan an ninka shi da jadawalin lambobi. Gani ya kori ji, amma haɗarin da Muller ya nuna ya fi ƙarfi a nan, domin zane mai kyau yana sa mutum jin ya gane tun bai ɗauki alƙalami ba. Sanderson ya san da haka, shi ya sa yakan roƙi mai kallo a tsakiyar bidiyo da ya dakatar, ya gwada da kansa kafin a nuna amsa.

Strang ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe a MIT ranar 15 ga Mayu, 2023, yana da shekara 88, aka watsa ta kai tsaye a YouTube. Laccocinsa na 1999 suna nan a shafin OpenCourseWare, tare da tambayoyin aiki da na jarrabawa da amsoshinsu, ga mai kallon da zai iya duba aikinsa da kansa.